Littafin Malam Salahu Na Ƙarshe

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, shida ga watan Mayun 2025, cikin watan Zulƙida, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran Malam Salahuddeen Dada Tafoki a gidan da yake haya a Faskari, bayan jinyar kwana huɗu. Yana da shekara hamsin da uku. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Larai, da 'yarsa guda ɗaya, Amatullah, wadda ke aure a Sabuwa. Ya kuma bar littattafai goma sha ɗaya na ƙagaggun labarai, waɗanda ba kamfanin da ya taɓa ɗaukar nauyinsu, ba kuma ƙungiyar da ta taɓa kiransa taro a kansu.

Sunana Sanusi. Ina da shagon buga takardu kusa da tashar mota a Kankara, kuma shekara goma sha huɗu ni nake mayar da rubutun hannun marigayi cikin kwamfuta. Ni ba marubuci ba ne, abin da wasu suka rubuta nake bugawa, saboda haka wanda ya ga gargada a wannan takarda ya yi mini uzuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun ranar da aka sanar da rasuwar wayata ba ta huta ba. Masu karatunsa kan yi gaisuwa a layin farko, a layi na biyu su tambayi littafi na goma sha biyu, Tsamiyar Unguwar Rabo, wanda ya shekara uku yana rubutawa bai bari kowa ya gani ba. Har na ji an ce wai yana hannuna, ina jira a manta ne in fitar da shi da sunana. Ban ji haushi sosai ba, wanda ya daɗe yana jira dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa. Zan faɗi inda littafin yake. Amma ku bar ni in fara magana da mai shi, don shi ya fi kowa cancantar ya ji.

Malam Salahu, ban manta ranar da ka fara shigowa shagona ba. Ka zo da tsohon buhun taki a hammata, ƙafarka duk jar ƙasa, na ɗauka takardar koke za ka rubuta wa hakimi a kan iyakar gona. Ka zazzage buhun a kan teburina, sai ga littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda shida, ɗaure da robar tayar keke. Na buɗe na farko na karanta shafi biyu, na ga wata mai awon hatsi a kasuwar Ketare tana rigima da mijinta a kan jaki. Na ɗago na ce, "Malam, wannan duk ƙarya ce ko?" Ka ce, "Ƙarya ce tsagwaronta, amma ka buga mani ita da gaskiya." Na yi niyyar in ce maka aiki ya yi mini yawa. Abin da ya hana ni shi ne ina son in ji yadda aka ƙare da jakin.

Na yi aiki da masu rubutu iri-iri, daga ɗalibai masu kawo kundin kammala karatu zuwa masu kawo jawabin taro, amma ban ga mai tsari irin naka ba. Kai da damina ba ka taɓa biro. Daga ruwan farko har a kai amfani gida, ko harafi ɗaya. Ka ce mini a gona kake haɗa labari, kana noman firi kana sa mutanenka suna magana. Kuma da ƙarfi kake yi. Kai ne mijin, kai ne matar, kai ne maƙwabcin da ya zo rabon faɗa, har da sauya murya. Maƙwabtan gonarku sun taɓa zuwa wurin Hajiya a asirce suka ba ta shawarar a nema maka taimako tun abin bai yi nisa ba. Da kake ba ni labarin dariya kake yi har da hawaye, amma daga baya ka gaya mini ka koma ajiye muryoyin sai ka kai can ƙuryar gona inda ba mai jin ka.

Sai an gama sussuka an zuba a rumbu kake sayen littattafan rubutu dozin guda, masu falle sittin, da shuɗin biro. Baƙin biro ka ce na akawun kotu ne. Kana idar da sallar asuba ka shimfiɗa buzu a bakin ƙofar ɗaki, da gari ya yi haske ka fara, ba koko ba hira, har sai rana ta taɓa yatsun ƙafarka, sannan ka rufe ko da a tsakiyar magana kake. A shafin dama kawai kake rubuta labari. Shafin hagu na faɗa ne, kai da kanka. Nan nake ganin, "Salahu, ka ji tsoron Allah, wace tsohuwa ce za ta faɗi haka?" Ko kuwa, "Wannan bawan Allah tun shafi na tara yake tsaye a zaure, ka ba shi tabarma mana." Ban taɓa gaya maka ba, amma sau da yawa shafukan hagu nake fara karantawa kafin in kama aiki.

Ran kasuwa kuma ka shiga mota ba da abin saye ba, ba da na sayarwa ba. Ba ka yarda da gidan gaba. Can baya kake matsewa tsakanin tsofaffi da kwandunan kaji, ka yi kamar kana gyangyaɗi alhali kunnenka a buɗe yake. Faskari zuwa Sabuwa, daga Sabuwa ka juyo, wani zubin har Pauwa. Ba ka rubuta komai a motar, don ka ce da zarar mutum ya ga biro sai ya gyara harshensa.

Akwai ranar da har yanzu maƙwabtana na tasha suke yi mini tsiya a kanta. Ka shigo da hantsi idonka jawur, ka zauna a benci ka ce, "Sanusi, yi mani gaisuwa, Nana Khadija ta rasu da sahen nan." Na yi salati, na kashe janareto, na leƙa na gaya wa mai shayi da mai faci. Kafin a jima mutum bakwai sun tsuguna a gabanka ana Allah Ya ji ƙanta. Sai da mai faci ya tambayi ƙarfe nawa za a yi jana'iza, sannan ka ce ai a babi na goma sha huɗu ta rasu, ka yi iya ƙoƙarinka ba ta tashi ba. Ranar na ji kamar in kore ka da tsintsiya. Amma da na zo buga babin sai da na tura ƙofar shago, don kada wani ya shigo ya tarar da ƙato yana share ido a gaban kwamfuta.

Littattafanka biyar na farko da kanka ka kai su maɗaba'a, da kanka ka ɗauko su a kwali, ka bi masu shimfiɗa littattafai a kasuwanni kana ajiye musu. Da wannan kasuwa ta mutu, kowa ya koma waya, Amatullah ta buɗe maka zaure a WhatsApp. Kana ɗaukar hoton shafuka ka turo mini, ni in buga, duk Juma'a a saki babi guda. Mutum ɗari biyu da 'yan kai suke jiran Juma'arka, yawancinsu mata, kuma in aka cire uku ko huɗu ba wanda ka taɓa gani ido da ido.

Ɗaya daga cikin waɗannan ukun wata tsohuwa ce a Ketare wadda idonta ya tafi, jikarta ke karanta mata a waya. Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu, ana tsakiyar littafinka Direban Pauwa, ka ji labarin tana tambayar kowa ko direban ya isa gida. Ka sa littattafan rubutunka a buhu ka shiga mota, a kwanakin da mai hankali ba ya bin hanyar nan sai dole, ka zauna a tsakar gidansu ka karanta mata babi uku. Ta sa aka kama maka zakara. Da zakaran ka biyo ta shagona, yana ta kuka a ƙarƙashin teburin firinta har ka gama shan ruwa.

Ni ma na ga naka alherin. Da matata Nana Aisha ta yi wata guda a gadon asibiti, kai ka bar abin da kake yi ka zo ka riƙe mini shago, kai da ba ka san inda ake kunna kwamfuta ba. Fotokofi kawai ka koya, shi ma rabin takardun mutane a kife suke fitowa. Ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba, don duk sanda na fara sai ka kawo zancen wani babi.

A wannan Direban Pauwa ne aka yi maka abin da ya sauya maka tsari. Da layi ya dawo, masu karatu suka hango za ka kashe direban, Nasir, suka yi maka caa. Masu roƙo na yi, masu kuka na turo murya, wata ta rantse in Nasir ya mutu ta bar zauren. Kai kuma mutum ne da ba ya iya jure a roƙe shi. Ka tashe shi daga hatsarin da ƙafa ɗaya a karye, aka yi ta yi maka addu'a, kai kuwa ka kwana biyu ba ka ci abincin kirki ba. Ka ce mini, "Na bar mutum shina yawo bayan kwananshi sun ƙare. Littahin ga ya lalace, kuma ni na lalata shi." Daga ranar ka yi wa kanka alkawari cewa littafi na gaba ba wanda zai ga ko layi ɗaya sai ka sa aya ta ƙarshe.

A lokacin ba ku daɗe da barin gida ba. Ba sai na gaya wa mutanen yankinmu yadda ƙauye ke tashi ba. Unguwar Rabo, gida arba'in da uku a bayan Tafoki, wadda aka sa wa sunan kakanka, ta watse cikin mako guda saboda 'yan bindiga. Ka kwaso Hajiya da matarka Mansura kuka kama haya a Faskari. Shekara ta zagayo da 'yan watanni Mansura ta rasu. Gona ta gagara zuwa, ka kafa ɗan tebur a kasuwa kana sayar da irin masara da na waken suya. A garin da kake kwana kake tashi, in aka ce Malam Salahu sai a ce wanne, mai iri? Ba wanda ya san kana rubutu, kai ma ba ka faɗa ba. Ka shekara guda cur ba ka sayi littafin rubutu ba. Na tambaye ka, ka ce mutanenka ba sa magana a kan siminti.

Sai da wani dattijo ya ara maka wani ɗan fili a bayan gari, wanda bai fi a shuka kuɓewa ba, sannan muryoyin suka dawo. Ka zo mini da murna ka ce ka samu abin da za ka rubuta. Kowane gida na Unguwar Rabo zai samu babi guda, a sauya sunaye, a ƙara gishiri inda ya kamata, amma gidan ya tsaya inda yake, ƙofarsa ta kalli inda take kallo. Ka shiga bin mutanenku duk inda suka watsu, Sabuwa, Kankara, Funtua, har da waɗanda ke kwana a kangon mutane. Ba ka tambayarsu ranar da aka gudu, ka ce wannan kowa ya sani. Tambayarka ita ce wa ya fi iya ɗaurin dawa, wace rijiya ce ke da zartsi, mene ne sunan karen gidan Sarkin Noma. Wasu tsofaffin da ka tambaya sun rasu kafin kai, abin da suka faɗa maka kuma ba ya ko'ina sai a cikin waɗannan littattafai.

A shekarun nan sau ɗaya a wata kake zuwa Kankara. Mu ci shinkafa da wake a shago, ka yi mini hirar mutanen da ban taɓa gani ba kamar jiya muka rabu da su, kafin la'asar ka tashi saboda hanya. Ina raka ka tasha, ka matse a kujerar baya ka ɗaga mini hannu. Sau da yawa in motar ta tashi nakan tuna cewa daga nan har wani watan ba ka da wanda za ka yi wa zancen rubutu, sai dai ka yi wa kanka a shafin hagu. Ina tunawa, sannan in koma shago in ci gaba da harkata. Wannan yana cikin abin da ke damuna yanzu.

Zuwanka na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Ka zo hannu biyu, ba buhu. Ka ce littafin rubutu goma sha bakwai sun cika, saura gida biyu, kafin ruwan farko za ka kawo mini su duka in yi ta fama. Na roƙe ka. Na ce Malam, abu kwafi ɗaya tal a duniya, ga gara, ga gobara, ga halin da ake ciki, ka bari in zo in ɗauki hotonsu in ajiye, wallahi ba zan karanta ba. Ka yi dariya ka ce, "In ka ɗauka za ka karanta, in ka karanta za ka yi magana, in ka yi magana kuwa zan ji. Suna cikin akwatin ƙarhe, mi zai same su?" Na ce to, don na san taurin kanka. Da na sani da na fi ka taurin kai ranar.

Amatullah ce ta kira ni ta gaya mini. Ban samu jana'izarka ba, Malam Salahu. Na je tasha, direbobi suka ce an tare hanya da safe, ba mai tashi. Na koma shago na zauna a bencin da kake zama har aka kira azahar, na san a daidai lokacin ana ɗaukarka.

Ran sadakar uku na iso. Na zauna a ƙofar gida tare da maza, aka yi addu'a, sannan aka yi mini iso na shiga gaishe da Hajiya. Ƙofar ɗakinka a buɗe take. Daga inda na tsuguna ina hangen buzunka a naɗe, da koren akwatin ƙarfe a jikin bango. Na san abin da ke ciki. Magana ta zo mini har baki, in ce a ajiye mini akwatin nan kada a taɓa. Amma ga tsohuwa ta haɗa kai da gwiwa, ga Amatullah idonta a kumbure, ga mata cike da tsakar gida. Wa ke tambayar akwatin mamaci ran uku? Sai a ce baƙo ya zo daga Kankara, ƙasar kabari ba ta bushe ba yana leƙen kaya. Na haɗiye maganata. Na ce wa kaina a bari a yi bakwai a watse, in dawo in yi magana cikin mutunci. Na yi sallama na fita, ina ganin na yi ladabi.

Ran kwana tara na koma. Na tarar an ɗaure kaya a tsakar gida, Hajiya za ta koma Sabuwa wurin jikarta, za a mayar wa mai gida makullinsa. Koren akwatin yana waje, murfinsa a buɗe, an jera zannuwa da kwanoni a ciki. Na ce a raina ƙila an sauya wa littattafan wuri. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Hajiya, akwai wasu takardu na Malam da ke cikin akwatin can."

Kai ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunanka ba, ranar ma ba ta faɗa ba. Ta ce, "Takardun abokin naka? Ai na kintsa mashi su, ɗan nan. Jiya da hantsi."

Na ce, "Kintsawa kamar yaya, Hajiya?"

Ta gyara zama ta ce, "Na buɗe akwatin in zuba kayana, na iske su jibge. Ni ban san boko ba, amma na san Bisimilla. Duk inda na buɗe, ga sunan Allah nan bisa kai, da hannunshi. Na ce gidan ga na haya ne, gobe wasu za su shigo, yara su yayyaga, a taka da ƙahwa, ko a kai ma mai ƙosai ta ƙunsa ma mutane. A ce shina kwance can, nan ana taka sunan Allah da ya rubuta? Sai na yi alwalla, na wanke kasko, na ɗauke su ɗai-ɗai na ƙona. Tokar na gina rami gindin darbejiyar can na ruhe, inda ba a bi."

Gaskiya ta faɗa. Kowane shafi naka da Bisimilla kake buɗe shi, da rubutun Larabci, dama da hagu. Shekara goma sha huɗu ina tsallake wannan layin in na zo bugawa, har idona ya daina ganinsa. Ita kuwa a duk littattafan goma sha bakwai shi kaɗai ne layin da take iya karantawa. Kuma ba ka taɓa gaya mata labarai kake ƙagawa ba. Kullum da safe tana ganin ɗanta a kan buzu da takarda, ta ɗauka karatu yake.

Na ɗaga kai na ga Amatullah tsaye a bayan kakarta. Ba ta nan jiya, ta je Sabuwa share ɗakin da tsohuwar za ta zauna, da safen nan ta dawo ta tarar. Ta toshe bakinta da gefen mayafi, tana girgiza mini kai a hankali.

Hajiya ba ta lura ba. Ta ci gaba da cewa, "Tun da ya tahi nake neman abin da zan yi mashi ban samu ba. Wanka maza sunka yi, ɗauka maza sunka yi, ni ko kabarin ban gani ba. Wannan kaɗai ne nawa. Jiya ne na hwara samun barci." Sai ta juyo gare ni. Ta leƙo fuskata ta ce, "Ko ban yi daidai ba, Sanusi?"

Malam Salahu, ka yafe mini. Aikinka na shekara uku ne, da gida arba'in da ɗaya, da maganganun tsofaffin da ba za a sake jin su ba. Na dubi mahaifiyarka na ce, "Kin yi daidai, Hajiya. Allah Ya ba da lada." Ta ce amin, ta sa mini albarka. Na taya su ɗora kaya a mota, na ɗauki koren akwatin da hannuna na miƙa wa kwandasta.

To, masu tambaya, kun ji inda littafin yake. Yana gindin wata darbejiya a gidan haya a Faskari. Ba hoto, ba kwafi, ba murya a waya. Ni ban karanta ko layi ɗaya ba, kuma ba zan zauna in ƙaga wani abu in ce nasa ne ba. Wanda ke neman mai laifi ya zo Kankara, ina shago. Ni ne na ga akwatin da idona ran uku, na zaɓi a ce ina da kunya. Kalma biyar za su isa, ban faɗe su ba. Mutanen Unguwar Rabo, ku ma ku yafe mini. Kun buɗe wa mutumin nan cikinku don garinku ya zauna ko da a takarda ne, ga shi ya sake tashi, wannan karon a hannunmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amatullah da maigidanta, da dangin marigayi na Tafoki da Faskari da Sabuwa, da masu karatunsa da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ya Allah, bawanKa Salahuddeen ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanya haske a cikinsa. Ya daɗe yana zaune shi kaɗai a duniya, Ka haɗa shi da mutanen kirki a can. Duk wani baƙin ciki da ya taɓa ɗauke wa wani da labarinsa, Ka sa ya tarar da shi a ma'auninsa. Mu da muka rage, Ka ba mu haƙuri, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ga Hajiya Larai kuwa, ba ta wannan takarda gaisuwata za ta isa gare ta ba, da ƙafata zan je Sabuwa in sake yi mata. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ɗan uwa ne ko maƙwabci, don girman Allah kada ya kai mata labarin abin da ke cikin takardun nan. Tsohuwa ce mai shekara kusan tamanin, ɗa ɗaya gare ta, kuma abu ɗaya ta samu ta yi masa. Ku bar mata shi. Allah Ya karɓa daga gare ta a kan niyyar da ta yi shi, Ya kai ladan kabarin ɗanta. Amin.